Matar da Ta Raba Mai Fitila da Mai Fitila

Kafin a buɗe wa masu karatu babbar ƙofar laburare, Malama Duba ta riga ta shiga ta ƙofar baya. Takan gaisa da maigadi, ta tambaye shi ƙafarsa mai ciwo, sannan ta bi matakala zuwa ɗakin ƙasa, inda ba ma'aikacin da ke son a tura shi. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama daf da rufi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Takan rataye mayafi a ƙusa, ta goge tebur, ta fere fensir, ta jawo littafin da ke saman tulin da ke jiranta. Ba don daɗin labari take buɗe shi ba. Shafin farko take dubawa, da bayansa, da na ƙarshe. Wa ya rubuta? Yaya ya rubuta sunansa a nan, yaya kuma ya rubuta shi a wancan littafin nasa? A wane ɗaki za a ajiye shi, a wace kanta? In ta san wani laburaren yana da irinsa, ta rubuta wannan ma. Haka ta yi tun tana budurwa har furfura ta cika mata kai, kuma a ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki.

Bari a ɗan yi bayani saboda wanda bai san aikin ba. Marubuci ɗaya yakan fito da suna uku ko huɗu. Yau ya sa sunan yanka, gobe ya sa laƙabi, jibi mai ɗab'i ya haɗe masa kalma biyu ta koma ɗaya. Wani ya rubuta shi da ajami, wani da boko, wani kuma injinsa ba shi da harafi mai ƙugiya, ya sa abin da ya samu. In ba a tara waɗannan wuri guda ba, mai neman littafi zai zo ya koma hannu rabbana, alhali littafin yana kanta yana kallonsa. Aikinta shi ne ta zaɓi siga ɗaya ta tsayar, sauran kuma kowace ta yi mata ɗan kati mai kalma ɗaya a tsakiya: duba. Wato je ka wancan sunan, can za ka same shi. Daga nan laƙabinta ya samo asali, har mutane da yawa a ginin ba su san sunanta na gaskiya ba.

Masinjan laburaren, wanda suka tsufa tare a aikin, shi ne mai tsokanarta. In ya sauko da tulin littattafai yakan ce, "Malama, ke ko sallama aka yi miki, sai kin ce a duba ƙarƙashin gaisuwa."

Ita kuma ta ce, "Kai dai ajiye su a hankali. Kai ma suna uku gare ka, biyu daga ciki matarka ce ta raɗa maka, ba sa shiga kati."

Akwai wani abu da take yi wanda ba doka ce ta sa ta ba. Gaban kati na masu karatu ne, an buga shi da tafireta. Bayan kati nata ne. A can take rubuta hujjarta da fensir: wanda ya gaya mata, inda ta gani, abin da ya sa ta haɗa wannan suna da wancan. In kuma mutum biyu ne suka yi tarayya a suna ɗaya, ta yi wa kowa katinsa, ta rubuta a baya: wani ne daban, kada a haɗa.

Ke ce mai haɗa abin da ya warwatse, Malama, wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne rabawa ta fi haɗawa wuya, kuma a kan rabawar ne aka rubuta wannan jinjina.

A 'yan shekarun nan yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai sai an yi mata aiki. Tana kwance a gida da bandeji aka kawo injin da zai ɗauki hoton katunan nan duka a zuba su a kwamfuta. Ba mugunta aka yi ba. Gara ta riga ta cinye gindin akwatunan katakon, shugaban laburare ya daɗe yana roƙon a taimaka kafin komai ya zama gari. Masu injin suka yi aikinsu da sauri, suka ɗauki gaban kowane kati, ba wanda ya tuna a juya. Da aka gama aka kwashe akwatunan da abin da ke cikinsu aka ƙone saboda garar. Kwamfuta kuwa duk inda ta ga suna biyu iri ɗaya, sai ta ɗauka maimaici ne, ta haɗe su.

Ranar da ta dawo ta tarar da wurin akwatunan fayau, sai sawunsu a siminti. Masinja ya ce ta tsaya tana kallon sawun har ya ji tsoro, ya jawo mata kujera. Shugaba ya sauko da kansa ya ba ta haƙuri. Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya wuce ya wuce. A dai bar ni in riƙa gyara abin da na tuna." Ta koyi kwamfutar da ido ɗaya da rabi, tana manna fuska a gilashin. Amma kati dubbai ne, ƙwaƙwalwa kuwa ɗaya, ba ta san ta ina ɓarnar za ta fara ɓullowa ba.

Ta ɓullo ta hannun wata mata mai ɗinki, wadda ta sauko matakalar nan wata safiya da waya a hannu, idonta ya kumbura.

"Ke ce mai rubuta sunaye?"

"Ni ce, 'yata. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba, Inna. Zuwa na yi in ga wanda ya kashe mini uba da ransa."

Mahaifinta tsohon ma'aikacin asibiti ne, 'yan unguwa suna ce masa Likita ko da yake ba likita ba ne. A zamanin ƙuruciyarsa ya rubuta wasu ƙananan littattafai a kan tafasa ruwan sha da kula da yaro mai gudawa, yana sa hannu da laƙabin Mai Fitila. Wani wuri an buga Maifitila, wani wuri M. Fitila, kuma Malama Duba ce ta tara su tun da daɗewa. To, a wancan zamanin akwai wani mutum dabam da shi ma ya kira kansa Mai Fitila, ya fitar da wata 'yar takarda mai guba a kan mutanen da ke zaune bayan kasuwa, ya ce su ne ke zuba abu a rijiyoyi. Bayan fitowarta aka sa wa layinsu wuta, aka rasa rayuka. Waɗanda suka tsira suka watsu, wasunsu suka koma unguwar da Likita yake, suka zama maƙwabtansa. Shi ya yi wa 'ya'yansu allura, shi suke tasowa in zazzaɓi ya yi tsanani.

Yanzu wani daga jikokinsu ya nemi takardar nan a waya, kundin laburare ya nuna masa ita a jere da littattafan tafasa ruwa, ƙarƙashin suna ɗaya, da shekarar haihuwa, da bayanin cewa marubucin ma'aikacin asibiti ne. Kafin rana ta faɗi hoton ya zaga unguwa.

"Ba wanda ya zage shi," in ji mai ɗinkin. "Da ma zagin ne, da ya rama. Gaisuwa suka daina. Yana zaune a ƙofar gida su wuce kamar itace suka gani. Mai kantin da ke kallon gidanmu, wanda ƙaninsa ya ƙone a wutar nan, shekara da shekaru tare suke hira, yanzu in Baba ya fito sai ya juya kujerarsa. Baba ya daina fita. Jiya ya kira ni yana tambayata wai wa zai ɗauki gawarsa."

Malama Duba ta ce a karanta mata abin da ke wayar, don rubutun ya yi mata ƙanƙanta. Da aka karanta ta rufe ido. Ta tuna katin sarai. Ta tuna ranar da Likita ya zo da kansa, yana saurayi da farar riga, ta nuna masa takardar, ya ce wallahi ba shi ba ne, ta rubuta a baya. Wannan bayan katin yanzu toka ne.

"Ba mahaifinki ba ne," ta ce. "Na sani."

"Ni ma na sani. Sanina da naki me zai yi masa?"

Gaskiya ta faɗa. A ranar Malama Duba ta raba sunayen a kwamfutar laburarensu, amma kundin yanzu na tarayya ne, laburare da yawa ke ɗiba daga cikinsa, kuma masu kula da shi ba sa karɓar gyara sai da hujja a rubuce. Tunanin tsohuwa ba hujja ba ne. Kwafin takardar da ke hannunsu kuwa bugun farko ne, ba komai a kansa sai laƙabin.

Abin da ya rage mata abu ɗaya ne, shi ma don a gaban kati yake ya tsira: wani layi da ta rubuta tuntuni, cewa laburaren wata kwalejin horon malamai yana da bugu na biyu, mai hoton marubuci, a ɗakin sama, kantar ƙananan takardu. Ba ta taɓa ganinsa ba. Wata takwararta ce ta can ta gaya mata, ita ma ta rasu.

Likitan ido ya hana ta shiga rana da ƙura. 'Yarta ta ce, "Mama, idon da aka sha wuya a kansa za ki kai tasha?" Ta ce ido dai na gani ne, in bai ga wannan ba me aka gyara shi ya gani. Ta ɗauki mai ɗinkin suka shiga mota, don tana bukatar mai karanta mata.

A kwalejin suka tarar an mayar da ɗakin sama ofis. Aka tura su wurin mai sito, wani dattijo mai makullai a wuya, wanda ya saurare su har ƙarshe sannan ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Kantar ƙananan takardu? Hajiya, kantar nan ai benci aka yi da ita, ga shi can ɗalibai na zaune. Takardun suna buhu."

"Buhun yana ina?"

"Buhuna dai. In kina da zuciya, bismilla."

Sitonsu rufin kwano ne da ya ɓule ta gefe guda, damina ta shiga ta fita ba sau ɗaya ba. Buhunan da ke ƙasa sun zama kamar tubali. Wari ya sa mai ɗinkin ta toshe hanci da gefen mayafi. Mai siton ya ba ni labari da bakinsa, ya ce ya ɗauka za su leƙa su juya. Sai ya ga tsohuwar ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa ta zauna, ta ce a kwance na farko. Ba ta iya karanta bango, da hannu take tantancewa. Ta san girman takardar, ta san irin zaren da maɗaba'ar ke ɗinki da shi. Wadda ta yi kama ta miƙa wa mai ɗinkin ta karanta, wadda ba ta yi ba ta jera ta gefe, fuska sama, don ko a wannan halin ba ta iya jefar da littafi. Ɓera ya fito ta kan ƙafarta, ta ce masa, "Sannu, mai gida, ba daɗewa za mu yi ba." Kunya ta kama mai siton ya ajiye makullai ya shiga ɗaga buhu.

Rana ta karkata kafin su same ta, manne da wasu takardu kamar an dafa su tare. Malama Duba ta karɓi reza wurin mai siton, ta riƙa shigar da ita tsakanin shafi da shafi, tana hura iska, tana jira. Da bangon baya ya buɗe, mai ɗinkin ta duba ta ce da muryar da ta mutu, "Inna, hoton ya tafi." Ruwa ya cinye fuskar gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai kafaɗa da wuyan riga.

"Ƙarƙashinsa fa? Masu ɗab'i ba sa barin hoto ba rubutu."

Matar ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Layi ɗaya ne, rabinsa ya goge. Ta karanta a hankali: "Marigayi Mai Fitila." A ƙasa kuma ga shekarar bugu, wadda ta girmi auren iyayenta. Abokan mutumin ne suka sake buga takardar bayan mutuwarsa.

Mai ɗinkin ta zauna a kan buhu tana dariya hawaye na zuba. "Allah Ya yafe mini, Inna. Ban taɓa murna da kalmar nan ba sai yau."

Malama Duba ba ta ɗauke takardar ba, ko da yake mai siton ya ce ta tafi da ita ba wanda zai nema. Ta sa aka ɗauki hotonta, sannan ta nemi mai kula da laburaren kwalejin, ta roƙe shi ya sa ta a ambulan ya ba ta gurbi a kanta ta gaske, ya faɗa mata lambar. Ta ce hujjar da ke jakar mutum ɗaya ba hujja ba ce, sai wadda kowa zai iya zuwa ya gani.

Sun dawo sun tarar da Likita ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita. Idon Malama Duba kuma ya yi ja ya kumbura, wanda aka yi wa aikin bai sake komawa daidai ba har yau. Duk da haka washegari ta aika da gyaran, da hoton shafin, da inda takardar take. Da ta gama ta sa mayafi ta tafi unguwar, ba gidan Likita ta fara shiga ba, kantin da ke kallonsa ta nufa.

Mai kanti ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baiwar Allah, ku ne kuka rubuta shi ne. Yau kuma ku ne kuka ce ba shi ba ne. Wanne zan ɗauka? Wannan ma wa ya san ba ku kuka haɗa shi ba?"

"Kana da gaskiya," ta ce. "Daga wurinmu kuskuren ya fito, ba zan ce ka yarda da ni ba. Ga sunan kwalejin, ga ɗakin, ga lambar kanta. Ka je ka ce a ba ka. Ka riƙe da hannunka."

"In rufe kanti in tafi neman takardar da ta kashe ƙanina?"

"Ita ce kaɗai za ta gaya maka ko maƙwabcinka ne."

Ta yi masa sallama ta tafi. Kwanaki suka wuce ba labari. Sai wata safiya mai ɗinkin ta ga kantin a rufe, abin da ba ta taɓa gani ba in ba rasuwa aka yi ba. Da yamma ya dawo, bai buɗe kantin ba, ya tsallako titi ya yi sallama a ƙofarsu. Ta kai shi ɗakin da mahaifinta ke kwance. Ya zauna a bakin gado, ya ce, "Likita, yaya jiki?" Tsohon ya yi ƙoƙarin magana bai iya ba. Da hannun da ke motsi ya kamo hannun rigar mai kantin ya riƙe, ya ƙi saki har aka kira salla.

Ba zan ce komai ya gyaru ba, don bai gyaru ba. Ƙarya ta zaga unguwa a yini ɗaya, gyaran kuwa har yau yana tafiya da ƙafa. Masu kula da kundin tarayya sun karɓi hujjar sun raba sunayen, amma laburaren da suka riga suka kwafi tsohon bayanin suna nan da shi. Likita bai sake tashi ba. Da ya rasu mutanen da suka zo ba su kai rabin waɗanda ya yi wa hidima ba, wasu har yanzu sun fi yarda da abin da suka fara gani. Amma mai kanti yana gaba a masu ɗaukar gawar, da 'ya'yansa biyu, kuma bai ba kowa wurinsa ba har aka isa.

Aikin ƙarshe da Malama Duba ta yi a ɗakin ƙasa shi ne ta buɗe bayanin Likita ta ƙara shekarar rasuwarsa a gaban ta haihuwa. Masinja ne ya karanta mata ta tabbatar ba kuskure, don ita ba ta gani sosai. Ya ce ranar bai tsokane ta ba.

Malama, ke ce kika zauna shekaru a ɗakin da rana ba ta shiga don kada sunan wani ya ɓata a hannunki. Ke ce da kuskure ya fito daga gidanku ba ki ce ina kwance aka yi ba, kika ɗauke shi kamar naki. Kin ba da idonki saboda mutumin da kika gani sau ɗaya yana saurayi. An yi miki ɗan taron sallama a ofishin shugaba, aka sha lemo, aka watse, kuma yawancin masu karatun da ke hawa da sauka a ginin nan ba su san an yi ba. Mu da muke turo ɗalibai su nemi littafi su samu, ba mu taɓa tambayar wa ya sa suke samu ba. Mun gode, kuma mun makara da godiyar. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar ido.

Ga masu tasowa a wannan aiki, da ma duk wanda sunan mutum ke bi ta hannunsa, ko malamin aji ne, ko ma'aikacin asibiti, ko mai riƙe da waya kawai: kafin ku ce wane ne, ku tsaya ku tabbatar, kuma ku faɗi inda kuka gani don wani ya je ya gani. In kuna neman wanda za ku koya a wurinsa, ba ta yi nisa ba. Tana zuwa laburaren har yanzu, ta babbar ƙofa, ta zauna a teburin baƙi. Mai ɗinkin takan rufe shago ta zo ta zauna kusa da ita, ita tana faɗa, waccan tana bugawa, suna bin laburaren da ba su gyara ba ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun amsa. Da yawa ba su amsa ba tukuna.